Guɗar Hajiya Dija a Shagon Sifika

Har gobe ban manta da ranar da Hajiya Dija ta rangaɗa guɗa a shagonmu na bayan tasha, nan Azare ba. Ku da kuka shigo aikin daga baya kun dame ni da tambaya: me ya sa kowane dogon akwatin sifika da muke haɗawa sai an raba cikinsa ɗaki biyu, me ya sa kuma Baba Modu yake gwada sauti da tafin hannu. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya. Ga shi a rubuce, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Ni Sale, kafinta ne tun tasowa. Da ƙofa da gado da bencin makaranta na fara. Baba Modu kuwa Babarbare ne, daga Borno ya zo da iyalinsa a shekarun tashin hankali, ba shi da komai sai wata jakar fata mai ɗauke da mitar gwada wuta da ƙarfen narka dalma. Mai gyaran rediyo ne. Ya nemi inuwar da zai zauna, na matsar da katako na ba shi kusurwa. Sa'an mahaifina ne, shi ya sa tun ranar farko Baba nake ce masa, ban kuma taɓa zama a kan benci yana tsaye ba.

Shi ya fara gaya mini cewa akwatin sifika ba akwatin kaya ba ne. Wani mai kiɗan biki ya kawo mini sifikoki tsirara ya ce in yi musu gida, na buga katako huɗu da ƙusa na ba shi. Baba Modu ya ƙwanƙwasa gefen da yatsa ya ce, "Wannan akurkin kaji ka yi, Sale." Daga nan muka haɗa kai.

Bari in yi bayanin aikin saboda wanda ba ɗan sana'a ba. Dogon akwati yakan kai kafaɗar babban mutum, wani ma ya wuce. A fuskarsa akwai bakuna. Manya biyu a ƙasa, su ke gurnani, abin da yara ke kira bes. Na tsakiya shi ke ɗaukar muryar mutum. Ƙarami a can sama, tuwita, shi ke fitar da siririn sauti, irin tafi da kacau-kacau da guɗa. Nawa aikin shi ne katako: filawud mai kauri, gam da noti ba ƙusa ba, don ƙusa takan saki ta riƙa zuza. In tokare ciki da sanduna kada bango ya yi rawa, in toshe duk wata kafa, in shimfiɗa auduga da muke saye wurin masu katifa, in huda ramin numfashi in zura bututun roba. Nasa aikin shi ne waya, da ɗan allon da ke raba sauti, yana aika kowane irin sauti bakin da ya dace da shi.

Sai kuma gwaji, wanda shi ne ainihin aikin. Baba Modu zai zauna a benci ya rufe ido. A sa masa muryar mai karanta labarai, a sa kalangu, a sa tafin mata. Ya ce, "Rage bututun da yatsa biyu." In rage. Ya ce, "Ƙara auduga a baya." In ƙara. Ban taɓa musu ba. Kunne nasa, hannu nawa. A haka sunanmu ya fita, har daga Shira da Sakwa ake zuwa da sifikoki a buhu a ce a yi musu gida irin na Baba Modu. Ba a cewa irin na Sale, kuma bai dame ni ba.

Wata rana muna shan shayi ya taɓa ce mini, "Gida ya tafi, gona ta tafi, kunnen nan kaɗai na tsira da shi. Ranar da ya mutu, sai in naɗe tabarmata in koma ɗaki in jira lokaci." Dariya yake yi da ya faɗa, amma na san mutumin. Abin da ya faɗa cikin dariya shi yake aikatawa.

To, kunnen ya fara mutuwa, kuma daga sama ya fara.

Ni na riga kowa lura. Wayarsa tana kuka a aljihu, yana ta aikinsa. Buta tana fito a kan wuta, bai waiwaya ba. In ka yi masa magana ta baya, shiru, in ka zo ta gaba sai ka ga idonsa a kan leɓenka. Muryar maza yana ji, ta mata da ta yara ke wuce shi. Ba a jima ba duk layin suka gane. Ɗanjuma mai shayi ya koma ɗaga murya da kowa da kowa, don kada Baba ya ga da shi kaɗai ake yi. Mai faci na gefenmu in zai gaishe shi sai ya zagayo ta gaba. Ba wanda ya haɗa baki da wani, ba kuma wanda ya furta. Yaya za ka dubi dattijon da kunne ne abincinsa ka ce masa ya kurumce?

Ana cikin haka, bayan ƙaramar Sallah, lokacin da bukukuwa ke yawa, Hajiya Dija ta zo. Bafillatana ce ta wajen Itas, tana aure a nan gari. Sana'arta bayar da hayar kujeru da rumfa da kayan sauti a bikin mata. Duk matan Azare sun san ta, kuma abin da ta faɗa da safe, kafin la'asar ya zaga gari. Kun san tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗaya bawansa ne, kuma ba a fushi. Tun daga bakin ƙofa ta fara.

"Ina bawan nan nawa mai zane a fuska?"

Baba Modu ya ga bakinta ya gane. Ya ce, "Wa ya bar shanu suka shigo gari? Sale, kawar da audugar nan kada ta cinye."

Ta zauna ta faɗi abin da take so. Dogayen akwatuna biyu, su fi na kowa tsayi, amma su shiga bayan a-kori-kura a kwance. Ta ce mata ba sa tambayar ƙarfin sifika, bakuna suke ƙirgawa, don haka kada a yi mata rowar baki. Kuma tana son in zabiya ta kama waƙa, ko an yi guɗa, a ji ta tas har ƙarshen layi.

Na auna, na yanka, na haɗa. Aiki ya yi kyau, ba yabon kai ba. Manya biyu, na tsakiya ɗaya, tuwita ɗaya, duk a ɗaki guda kamar yadda muka saba. Ranar gwaji Baba ya zauna ya rufe ido. Aka sa kalangu, ya gyaɗa kai. Aka sa murya, ya yamutsa fuska.

"Muryar ba ta fita. Kamar mutum na magana a cikin tulu. Huda wani rami, mu ƙara tuwita."

Na huda. Aka sake gwadawa washegari.

"Har yanzu da saura. Ƙara ɗaya."

A nan na ɗan yi jinkiri. Ramin da ka huda a fuskar akwati ba ya komawa, kuma kowane rami yana raunana katakon. Na ce, "Baba, anya ba ta isa ba?"

Ya buɗe ido ya dube ni. "Yaushe ka fara ji, Sale?"

Na ɗauki zarto na huda na uku. Da aka kunna, tafin matan nan ya zama kamar ana soka maka tsinke a kunne. Ɗanjuma ya kawo shayi, ya ajiye, ya fita da sauri yana murmushin dole. Baba ya ce an kusa, a yi na huɗu.

Na ce masa zarton ya dakushe, sai gobe. Ban san abin yi ba. In akwatunan nan suka fita haka, bikin farko mata za su toshe kunne, Hajiya za ta faɗi wanda ya gwada su, sunan Baba ya mutu a bainar jama'a. In kuma na gaya masa, ni da nake matsayin ɗansa, zai ɗauki jakarsa ya tafi, kuma ba zai dawo ba. In yanke wayoyin a ɓoye ma ba zai yiwu ba, mitarsa ba ta kurumce ba, zai gano, abin ya fi muni.

Da la'asar na wanke hannu na tafi gidan Hajiya Dija. Na yi sallama, aka shigar da ni zaure, ta fito da mayafi tana taunar goro. Na zayyana mata komai ina kallon ƙasa.

Ta ce, "Duk ƙattin layinku an rasa mai gaya masa?"

Na ce, "Hajiya, uba ne."

"A wurinka. Ni bawana ne." Ta daina taunar goron. "Tsohona ma haka ya yi kafin ya rasu. Saniya na kuka a bayansa bai sani ba. Mu ma kunya ta hana mu, har wata ta tunkuye shi." Ta gyara mayafi. "Gobe da hantsi ka haɗa makirufo. Kuma kada ka sa mini baki, Kaɗo." Haka Fulani ke kiran Bahaushe.

Da hantsi ta iso, ita da direbanta. Na tayar da janareta. Masu shagunan layin suka fara taruwa kamar masu wucewa, alhali kowa ya san abin da ya kawo shi. Ta zaga akwatunan, ta shafa kafet ɗin da na lulluɓe su da shi, ta ƙirga bakuna da yatsa.

"To, ba laifi. Kaɗon ya iya katako. Bari mu ji aikin bawa."

Ta karɓi makirufo, ta kama hancinta da yatsu biyu, ta saki guɗa.

Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake. Haƙorana suka yi tsami. Direban ya dafe kunnuwa ya durƙusa. Awakin da ke kwance ƙarƙashin motar suka watse. Mai faci ya saki tayar da ke hannunsa. Kowa a wurin ya yamutse fuska, sai mutum ɗaya. Baba Modu yana zaune a benci, ido a rufe, yana murmushi.

Ya ce, "Yauwa. Yanzu ta fara fitowa."

Sannan ya buɗe ido, ya ga fuskokinmu.

Hajiya ta ajiye makirufo, ta matso gabansa daf inda zai ga bakinta, ta riƙe ƙugu.

"Modu, ashe kurman bawa aka bar mini gado? Awaki sun ji sun gudu, kai kana cewa ta fara fitowa. Wannan in na kai gidan biki ai amarya da kanta za ta koma gidan ubanta. Kunnenka na sama ya mutu, tsoho. Da saniya ce kai da tuni na kai ka kasuwa."

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar janareta. Wasa ne, kowa ya san wasa ne, kuma doka ce a rama. Baba ya tsura mata ido, har na fara zargin kaina. Can sai ya ce, "Allah ya ji roƙona ke nan. Shekara da shekaru ina addu'a ya raba ni da surutun Fulani."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi don a samu numfashi. Na ɗauka an wuce wurin. Sai ya juyo gare ni, babu dariya a fuskarsa.

"Sale. Ita wasa take yi. Kai ba ka wasa da ni. Gaskiya ne?"

Na so ƙasa ta buɗe. Amma an riga an buɗe ƙofar, ba ni na buɗe ba, nawa kawai in shiga. Na tsuguna a gabansa na ce, "Gaskiya ne, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumin bara."

Ya dubi Ɗanjuma. Ɗanjuma ya shiga goge kofin da ba shi da datti. Ya dubi mai faci, mai faci ya dubi tayarsa. Baba ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Shi ya sa mai shayi ya koma ihu kamar ɗan kamasho."

Ya miƙe. Ya ɗauko jakar fatar nan daga ƙusa, ya sa mita, ya naɗe wayar ƙarfen dalma ya sa, ya zuge. Abin da nake tsoro ke nan, yana faruwa a gabana.

Hajiya Dija ta fizge jakar daga hannunsa, ta ajiye a benci, ta zauna a kai.

"Ina za ka? Wa ya sallame ka? Bawa ba ya ajiye aiki sai uwargijiyarsa ta ce ya isa. Ka lalata mini akwati da bakuna kamar gidan zanzaro, sannan ka gudu? Kaɗo, sa mana kalangu, a rage na saman nan."

Na cire wayoyin tuwita duka, na sa kalangu. Baba yana tsaye, ba jaka, ba wurin zama. Ya dafa akwatin, ina jin don ya samu abin riƙewa ne kawai. Kalangu na dukan ƙasa, katako na amsawa. Sai na ga hannunsa ya fara tafiya. Ya shafa gefe, ya shafa baya, ya dawo fuska. Ya ɗora yatsu a kan bakin tsakiya, mai ɗaukar murya, ya tsaya.

"Sale, cire wayar wannan."

Na cire.

"Ka cire?"

"Na cire, Baba."

"To zo ka taɓa."

Na ɗora yatsa. Bakin yana motsi, yana shiga yana fita, alhali ba waya a jikinsa. Duk dukan da kalangu ya yi, sai ya zabura.

Ya ce, "Iskar manyan ce ke tura shi ta baya. Ɗaki ɗaya ka zuba su. Manya biyu na numfashi, ƙaramin na son ya yi magana, suna hankaɗa shi. Dole murya ta zama ta cikin tulu." Ya ɗauke hannu daga bakin. "Ashe ba duka ne kunnena ba."

Hajiya ta ce, "Rabi kunnenka, rabi Kaɗo. Kada ka ji daɗi."

Shekara nawa muna haɗa akwati a haka, yana saurare da kunne, bai kama wannan ba, don a ƙananan akwatuna abin ba ya tsanani. Sai da aka zo dogo mai manya biyu, sai kuma da ya taɓa da hannu. Ya ce in ciro fuskar gaba ɗaya in yi sabuwa, tuwita ɗaya tak. In gina wa na tsakiya ɗakinsa a sama, rufaffe ruf, da gam a kowace kusurwa, a cika shi da auduga, ko ramin waya a toshe. Manyan a bar musu ƙasa da bututunsu, a ƙara wa akwatin zurfi ta baya don a mayar musu da iskar da aka ɗebe. Yana faɗa yana zanawa da alli a kan bango, kamar ba shi ne ya zuge jaka ɗazu ba.

Da ya gama ya jefar da allin ya ce, "Ƙasa nawa ne, wannan hannu na ji. Sama kuwa naka ne daga yau."

Na ce, "Baba, ni kunnen zarto gare ni."

"Ka ji tsinken da ni ban ji ba, ko ba ka ji ba? To zauna a bencin." Ya juya ga Hajiya. "Ke kuma tashi daga kan jakata, kin fi ƙarfin mita. Ban taɓa ganin Bafillatana mai nauyi haka ba, ko nonon duka ke kike shanyewa?"

Ta tashi tana dariya. A bakin mota ta rage murya ta ce mini, "Ka riƙe shi da kyau." Ba ta jira amsa ba.

Fuskar nan mai ramuka ita ce kuke gani rataye a bayan ƙofa. Na hana a yi wuta da ita. Akwatunan Hajiya kuwa suna nan suna aiki, sun sha rana sun sha ruwa, kafet ɗin ma an sake shi. Daga baya ta dawo ta yi ƙorafin bakuna sun yi kaɗan, mata na raina su, sai na ƙara mata zoben ado biyu a sama waɗanda ba sa fitar da komai. Ta ce yanzu aka yi aiki.

Abin da na koya a sana'a shi ne wanda kuke gani kullum: kowane baki da ɗakinsa, kuma in murya ta ƙi fita, kada ka yi saurin huda sabon rami, fara duba abin da ke danne ta. Abin da na koya game da mutane ya fi wannan wuya. Mu duka muna ƙaunar Baba, ƙaunar ce ma ta rufe mana baki har muka kusa barinsa ya kunyata a gidan biki. Akwai maganar da ɗa ba zai iya fara faɗa wa uba ba. Waɗanda suka bar mana wasa tsakanin ƙabila da ƙabila, da tsakanin taubasai, ba don dariya kaɗai suka bar shi ba.

Yanzu ni ma na manyanta, injin yankan katako ya daɗe yana kuka a gefen kaina. Makon jiya ina kan benci ina gwada wasu akwatuna na wani mutumin Sakwa, na ce a ɗan ƙara na sama. Aka ƙara. Na ce a ƙara kaɗan. Baba Modu yana tsugune da hannunsa a kan katako, ba ya jin komai daga can sama, amma fuskokinku yake kallo. Ya taso ya zauna kusa da ni, ya matso daf inda zan ga bakinsa.

Ya ce, "Sale, wa ke wasa da kai a danginku?"

Na ce, "Ladi, 'yar kawuna, tana aure a Shira."

Ya ce, "Tana da baki?"

Na ce, "Ta fi Hajiya Dija."

Ya dafa gwiwata ya ce, "To ka ba yaran nan kwatancen gidanta."

Na ba ku. Layi na biyu bayan masallacin kasuwa, gida mai dalbejiya a ƙofa. In lokacin ya yi kada ku tsaya goge kofi, ku je ku ɗauko ta.